Wayar Salula A Ɗakin Majinyata: Wa Zai Biya, Wa Zai Kafa Doka?

A cikin watan Maris na shekarar 2025 ne Gwamnatin Jihar Kebbi ta tabbatar wa jama'a cewa cutar sanƙarau ta ɓulla a jihar, har ta yi sanadin rasuwar mutum 26. Bisa ga bayanin da Kwamishinan Lafiya ya yi wa manema labarai a Birnin Kebbi a lokacin, mutum 15 daga cikin waɗanda suka rasu 'yan Ƙaramar Hukumar Gwandu ne, sauran kuwa daga Jega da Aliero da Argungu. Aka buɗe wuraren keɓe masu cutar, aka aika da magunguna, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero ma sai da aka rufe ta na ɗan lokaci. Dattawa daga cikin masu karatunmu ba za su manta da shekarar 1996 ba, sa'ad da wannan cuta ta kwantar da mutane fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 11,000, galibinsu a nan Arewa.

Tsakanin waccan annoba da wannan abubuwa da yawa sun sake. Akwai sabuwar allurar rigakafi ta Men5CV, wadda Nijeriya ce ta fara amfani da ita a duniya a 2024. Akwai kuma wani canji da ba a cika ambatonsa ba, ko da yake kowa yana ganinsa. A 1996, in malamin asibitin ƙauye ya ga yara uku a jere da zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, sai ya rubuta takarda ya nemi mai babur, ko ya jira motar ranar kasuwa ta kai ta hedkwatar ƙaramar hukuma. Layukan tarho na NITEL a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, su ma a manyan birane suke. Sai a watan Agusta na 2001 kamfanonin wayar salula suka fara aiki. Yau wannan rahoto yana iya isa ga jami'in sa ido kan cututtuka kafin a gama yi wa yaro na farko allura. Ga cutar da ke iya kashe yaro cikin yini ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da wuya yanzu ka shiga ɗakin majinyata a Gwandu ko Kalgo ka tarar da nas ko ungozoma da babu waya a aljihun rigarta. Babu wata hukuma da ta zauna ta tsara haka. Ma'aikatan ne suka sayi abarsu da albashinsu domin harkokin gida, sannu a hankali aikin asibiti ya hau kanta. Da ita ake tashin likita da dare, da ita ake aika rahoton ƙarshen wata, da ita ake duba ma'aunin magani, in wuta ta ɗauke kuma da fitilarta ake neman jijiya. Ga shi nan, asibiti ya dogara a kan kayan aikin da ba nasa ba, wanda ba ya cikin kasafin kuɗinsa. A ganinmu lokaci ya yi da hukumomin lafiya da makarantun jinya za su daina kau da kai, su karɓi wannan waya a matsayin kayan aiki, su ɗauki nauyinta, su kuma kafa mata doka.

Bari mu fara da inda ta fi amfani. Wanda ya san yankin ya san Gwandu tana gabas da Birnin Kebbi, Kalgo kuma tana kudu da ita, kusa ƙwarai. Manyan asibitocin duk a kusurwar Birnin Kebbi da Kalgo suka taru. Akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, wanda ke ɗauke da sunan tsohon Sarkin Gwandu, da asibitin Gwamnatin Tarayya, da kuma babban asibitin jiha na Kalgo da aka fi sani da Kebbi Medical Centre, inda aka keɓe masu cutar korona a 2020. Ƙwararrun likitoci a can suke. Amma mace mai naƙuda a Kambaza ko Dalijan ko Malisa, ko ta Diggi da Zuguru a ƙasar Kalgo, wanda za ta fara gani shi ne ma'aikacin ƙaramin asibitin garinsu, kuma sau da yawa ba cikakken nas ba ne, jami'in lafiyar al'umma ne. Tun 2014 Gwamnatin Tarayya ta amince da tsarin danƙa wa irin waɗannan ma'aikata wasu ayyukan da a dā sai nas ko likita, saboda ƙarancin hannu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna Kebbi ce a ƙarshe wajen haihuwa a asibiti, mata 7 kacal cikin 100, ita ce kuma ta fi kowace jiha yawan mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wato 252 cikin kowane 1,000. In mata kaɗan ne ke zuwa, to da yawa daga cikin masu zuwan sai abu ya ɓaci ake kawo su, ga shi mai karɓarsu ita kaɗai ce a bakin aiki.

Mu ɗauka an kawo mai ciki da ƙarfe biyu na dare tana jijjiga. Maganin sananne ne, magnesium sulphate, kuma yadda ake fara ba da shi a rubuce yake: giram 4 ta jijiya a hankali, sa'an nan giram 5 a kowane ɗuwawu. Amma ma'aikaciyar da ta karanta wannan shekara shida da suka wuce, ba ta kuwa taɓa yi da hannunta ba sai sau ɗaya ko biyu, dole gabanta ya faɗi, gama in maganin ya yi yawa yana iya tsai da numfashi. Abin da masu tsoro suka saba yi shi ne su ce a wuce gaba, ba tare da sun ba da kome ba, matar ta ci gaba da jijjiga a bayan mota har Birnin Kebbi. Minti biyu a kan waya, ko ta duba ma'aunin ko ta kira babbar sista, sun isa su ba ta ƙarfin zuciyar yin allurar kafin a tashi. Sai kira na biyu zuwa asibitin da za a je: akwai gado, akwai jini, akwai mai yin tiyata a daren nan? Kowa a cikinmu ya san iyalin da suka sha mai, suka kai mara lafiya har ƙofar asibiti, aka ce musu su gwada wani wurin. Kuɗin wannan kira bai kai na litar fetur ɗaya ba.

Amfani na biyu shi ne ilimin jinya ba ya tsayawa wuri ɗaya, littafi kuwa yana tsayawa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake ma'aunin allurar artesunate ga ƙananan yara masu matsanancin zazzaɓin cizon sauro. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kan kowane kilo, maimakon 2.4 da ake ba manya. Wanda ya gama makaranta kafin wannan shekara, bai kuma je wani kwas ba, zai ci gaba da rage wa yara magani da kyakkyawar niyya. Haka nan a 2023 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano na cikin jagororinsa. An gano cewa in aka shimfiɗa wa mace wata leda mai ma'auni bayan haihuwa don a auna jinin da ta zubar, aka kuma haɗa magungunan tsai da jini aka ba ta gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya, munanan sakamakon zubar jini suna raguwa da kashi 60 cikin 100. Aikin gida ne, da 'yan ƙasarmu aka yi shi, amma kafin ya shiga littafin da ke ɗakin karatu na makarantar jinya za a ɗauki shekaru. Ta waya ungozomar Gwandu za ta fara ganinsa.

To amma ba duk abin da ke cikin waya ne ilimi ba, nan ne kuwa gizo ke saƙa. Wuraren da aka ga amfani na zahiri su ne wuraren da wani ya zauna ya tace abin da aka sa a ciki. Akwai manhajar Safe Delivery da wata gidauniya ta ƙasar Denmak ta fitar a 2015, mai nuna hotuna masu motsi na yadda ake farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba, da yadda ake tsai da jini, kuma da zarar an sauke ta ba ta bukatar intanet. Da aka gwada ta a ƙauyukan Habasha, ilimi da gwanintar ma'aikata wajen farfaɗo da jarirai sun ƙaru sosai, ko da yake masu binciken sun faɗi gaskiya cewa raguwar mace-macen jariran ba ta kai yadda za a yi rantsuwa a kanta ba. Kusa da gida kuma akwai Jihar Adamawa, inda Ƙungiyar Red Cross ta Duniya da wata cibiyar binciken cututtuka ta ƙasar Suwizalan suka fara shirin ALMANACH a 2016. Ana ba ma'aikacin ƙaramin asibiti babbar waya mai kamar allo, tana bi da shi tambaya bayan tambaya sa'ad da yake duba yaro, ya ƙirga numfashi, ya duba wuya, ya auna zafin jiki, har ta kai shi ga magani da ma'auninsa ko ta ce ya tura yaron gaba. Binciken da aka yi ya nuna yaran da aka duba ta wannan hanya sun fi samun sauƙi cikin mako guda, daga baya kuma aka danƙa shirin ga hukumar lafiya a matakin farko ta jihar. Abin lura a nan shi ne na'urar ta asibiti ce, abin da ke cikinta hukuma ta amince da shi, an horar da masu riƙe ta, akwai kuma mai zagayawa yana duba su. Wannan daban yake da a bar yarinya ita kaɗai da dare tana laluben amsa a Google.

Sai mu juya ga makaranta, gama a can ake kafa ɗabi'a. Ɗaliban Gwandu da Kalgo masu son wannan aiki galibi Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta Birnin Kebbi suke nufa, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, wadda mazauninta na dindindin ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Littattafan jinya masu tsada ne, yawancinsu daga waje ake shigo da su, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuma sun fi ƙarfin ɗan talaka. Ɗalibi a yau littattafansa a cikin waya suke. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, malamai da yawa a ƙasar nan ta WhatsApp suka riƙa aika darasi, ɗabi'ar kuma ba ta tafi tare da cutar ba. Ita ma hukuma ta tura su wannan hanya. JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ita ma ta bi sahu a 'yan shekarun nan, kwasa-kwasan da take bukata kafin a sabunta lasisi ma ana iya yin su ta intanet. Saboda haka makarantar da ta tsaya a kan ƙwace waya kaɗai tana shirya ɗalibanta ne domin duniyar da ta riga ta wuce.

Duk da haka muna tare da tsofaffin malaman da ke gunaguni, domin gunaguninsu yana da tushe. Abin da ya fi yawo a wayoyin ɗalibai shi ne tsofaffin tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu, ana haddace su kamar karatun aku, wani lokaci ma amsar da aka rarraba kuskure ce, ɗalibi ɗari su haddace kuskure ɗaya. Tun ƙarshen 2022 kuma ga manhajoji irin su ChatGPT masu rubuta wa ɗalibi aikin gida cikin daƙiƙa kaɗan, da Turanci mai santsi, suna kuma iya ƙaga ma'aunin magani su faɗe shi ba tare da ko ɗar ba. Mafi muhimmanci, aikin jinya aikin hannu ne da ido da kunne. Kana iya kallon yadda ake sa allurar ƙarin ruwa sau hamsin a waya, amma ranar da aka miƙo maka yaron da gudawa ta tsotse, jijiyoyinsa duk sun ɓace, uwarsa tana kuka a kanka, hoton ba zai riƙe maka hannu ba. Yadda ake gane kwanciyar ɗa da tafin hannu, da yadda ake jin numfashin da ya sake, a gefen gado ake koyonsu wurin wadda ta daɗe tana yi. In ɗaliba tana zagayen majinyata idonta na kan waya, abin da ta je koya yana wucewa ta gabanta.

Akwai kuma batun adalci. Ɗiyar babban ma'aikaci a Birnin Kebbi ta zo da waya mai kyau da data ta wata guda. Ɗiyar manomi daga Gulmare ta zo da ƙaramar waya mai madannai, ko ma babu, domin a gidaje da dama har yanzu ana ganin babbar waya a hannun budurwa da ido na zargi. In malami ya aika darasi ta WhatsApp kaɗai, ya riga ya raba ajinsa biyu. Abin takaici kuwa, ita ɗiyar ƙauyen ce aka fi sa ran za ta koma ta zauna a ƙauye ta yi aiki. Mun ce haka ne domin wannan waya dai ita ce hanyar fita. Da ita ake karatun jarrabawar Turanci da ta shiga aiki a Ingila, da ita ake cika takardu. A farkon 2024 magatakardar majalisar jinya ya bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekaru uku. Ba laifin waya ba ne wannan, laifin albashi ne da yanayin aiki, amma ya isa ya nuna mana wadda ya kamata a fi kashe wa kuɗi.

Yanzu sai babban abin da ya fi damunmu, wato sirrin majinyaci. Kowace waya tana da kyamara. Nas ta ga wani irin gyambo ko ƙari ko jaririn da aka haifa da tawaya, ta ɗauki hoto domin ta nuna wa likita, niyyarta kyakkyawa. Hoton ya zauna a wayarta tare da hotunan biki. Da yamma ƙanenta ya ari wayar, ko ta kai ta wurin mai gyara a kasuwa, ko ta tura shi zauren abokan karatunta mai mutum ɗari biyu tana neman shawara. Daga nan ya fita hannunta har abada. A Legas wataƙila ba wanda zai gane fuskar. A Gwandu kuwa, inda kowa ya san gidan kowa, zanen da ke jikin matar ma ya isa a gane ta. Takardar gwajin cutar ƙanjamau, ko cikin da aka samu ba aure, ko yoyon fitsari, in suka fita suna iya kashe aure, su hana yarinya miji, su kori iyali daga gari. Wannan kuma yana komawa kan adadin nan na mata 7 cikin 100. Magidancin da dama yake jan ƙafa wajen barin matarsa ta haihu a asibiti, in ya ji labari ɗaya na hoton da ya fita daga ɗakin haihuwa, shi ke nan, an rasa shi da maƙwabtansa. Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum sirri ne, ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce ko umurnin kotu ko wata larura da doka ta ambata. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke bukatar tsaro na musamman. Tambayar ita ce ɗalibai nawa ne aka zaunar aka karanta musu waɗannan da Hausa, aka ce musu hoton da ke wayarsu yana ciki.

Sauran illolin kowa ya san su, ba sai mun daɗe a kai ba. Majinyaci yana nishi, mai kula da shi tana dariya da waya. Ko a ce duba magani take yi, dangin da ke tsaye ba su da hanyar sani, abin da za su faɗa a gari shi ne an yi banza da su. Waya kuma tana ɗaukar ƙwayoyin cuta kamar kowane abin da hannu ke taɓawa, bincike a asibitocin ƙasashe da dama ya tabbatar da haka, ga shi ana wanke hannu ba a goge waya, da dare kuma a miƙa ta ga yaro ya yi wasa. Sa'an nan ga jita-jita. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙon waya ɗaya ya sa mutane a duk faɗin ƙasar nan suka tashi da tsakar dare suna wanka da ruwan gishiri suna sha, har aka rasa rayuka. Irin waɗannan saƙonni in suka fito daga wayar nas sun fi ƙarfi sau goma, domin ita unguwa ta yarda da ita.

To wa ke biya? A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Duk rahoton da aka ce a aika ta waya, duk taron da aka ce a shiga ta waya, duk kiran da aka yi domin majinyaci, in babu tanadi na musamman daga aljihun ƙaramar ma'aikaciya yake fita. Ranar da katinta ya ƙare, ranar asibitin ya kurumce. Ranar da aka yi mata canjin wurin aiki, lambar da direbobi da masu unguwanni suka sani ta tafi tare da ita, har da sunayen masu cikin da take bibiya. Ga batun caji. A 2008 wata likita Ba'amurkiya, Laura Stachel, ta zo wani asibitin gwamnati a Zariya ta ga ana karɓar haihuwa da fitilar kananzir, ana jinkirta tiyata saboda duhu. Daga nan ita da mijinta suka ƙirƙiro akwatin wuta mai amfani da hasken rana, mai fitilu da wurin cajin waya, wanda yanzu ya bazu a ƙasashe da yawa. Shekaru sun shuɗe, har yau labarin ungozoma riƙe da waya a baki tana haska wurin ɗinki bai zama tarihi ba a karkararmu. Muna yaba wa irin wannan ungozoma, amma yabon bai kamata ya rufe abin kunyar ba.

Kada kuma a ɗora kome a kan sabis. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a duk Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, abin ya ɗauki makonni, ya kuma shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Duk tsarin da bai san aiki ba sai da intanet ya mutu a wannan lokaci. Haka nan kada a ɗora kome a kan baƙi. Kebbi na cikin jihohin da hukumar USAID ta Amurka ta daɗe tana tallafa wa a fannin lafiya, a 2025 kuwa gwamnatin Amurka ta tsai da yawancin wannan tallafi ta kuma rushe hukumar. Mun sha ganin yadda irin waɗannan shirye-shirye suke ƙarewa. A raba wayoyi a yi hoto, shekara uku ana biyan data, ranar da shirin ya tashi wayoyin su koma cikin durowa.

Abin da muke roƙo ba shi da yawa. Makarantun jinya su sa wannan batu cikin darasi tun shekarar farko, su zaɓi manhajoji biyu ko uku da majalisa ko ma'aikatar lafiya ta amince da su, masu aiki ba tare da intanet ba, su ce waɗannan ne abin dogara, su kuma ajiye wasu wayoyi a ɗakin karatu domin ɗaliban da ba su da hali. Kowane asibiti ya rubuta ƙa'idarsa a takarda ɗaya, da Hausa da Turanci, ya manna ta inda majinyata ma za su gani: ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa, ba fuska ba suna, a goge shi da zarar likita ya gani, kuma in nas za ta duba waya a gaban majinyaci ta faɗa masa abin da take dubawa. Manyan asibitocin Birnin Kebbi da Kalgo su keɓe lamba ɗaya da wani ke da alhakin ɗauka dare da rana, gama kiran da ba a ɗauka ba bai fi takardar 1996 sauri ba.

Sa'an nan kowane ƙaramin asibiti ya sami wayarsa ta kansa, wadda ake miƙa wa mai karɓar aiki tare da makullin ɗakin magani, lambarta a rubuce a bango, a kuma ba direbobin tasha da masu unguwanni da ungozomomin gargajiya. Hanyar kuɗin tana nan. Dokar 2014 ɗin nan ita ce ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda aka tsara zai riƙa aika kuɗi kai tsaye zuwa aƙalla asibiti ɗaya a kowace mazaɓa domin ƙananan bukatun yau da kullum. Gwandu tana da mazaɓu 10, Kalgo ma 10. Waya 20 ke nan, da ƙaramin faifan hasken rana da katin wata-wata ga kowace. Kwamitocin raya mazaɓu da ke sa hannu a kan yadda ake kashe wannan kuɗi suna iya sa shi cikin lissafinsu na zango mai zuwa, shugabannin ƙananan hukumomin biyu kuma su cike wa sauran asibitocin da asusun bai kai gare su ba, tun kafin hunturu ya shigo, gama daga Disamba zuwa faɗuwar damina ne lokacin sanƙarau.